Tukunyar Tsanwa da Babban Yatsan Suma'ila

Akwai wani dattijo a unguwar Birni ta Damagaram, sunansa Suma'ila, baduku ne ɗan baduku. Idan ka bi lungunan nan masu jar ƙasa har warin jima ya fara dukan hancinka, to ka kusa rumfarsa.

Dukawa suna da yawa a garin. Amma fatar nan koriya shar da ake kira tsanwa, wadda Buzaye suke ƙawata sirdin raƙumi da jakunkunansu da ita, ba kowa ya iya ta ba. Suma'ila ya iya, kuma ya san ya iya. Wannan na biyun ne ya jawo labarin namu.

Aikin tsanwa kashi biyu ne. Na farko tukunya. Yakan karɓo garin jan ƙarfe daga wurin maƙera, wanda yake zuba idan suna goge mundaye, ya haɗa shi da wani farin gishiri mai kaifi da dukawa ke kira sinadari, ya zuba ruwan tsami, ya rufe ya ajiye. In an kwana biyu sai haɗin ya rikiɗe, ya koma wani launi tsakanin shuɗi da kore.

Na biyu hannu ne. Saman fatar akuya ake ɓarewa, siriri kamar ɓawon albasa, kuma da babban yatsan dama ake danne shi ana tura wuƙa a hankali. Yatsan ne yake jin kaurin fatar, ido ba ya gani. In an danna da yawa ta huje, in an sassauta ta yi kauri, rini ya ƙi zama.

Suma'ila yakan ɗaga yatsan nan a gaban masu ciniki ya ce, "Wannan ne ya gina gidan da kuke gani." Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Ba mugun mutum ba ne. Yana da kyauta, yana zuwa jana'izar kowa, ba a taɓa jin ya ci amanar wani ba. Abu ɗaya ne dai, ba a gaya masa magana a kan abin da yake ganin ya sani. In ka fara, zai bar ka ka kai ƙarshe, ya yi ɗan murmushi, sannan ya tambaye ka shekarunka.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da gidan marigayi Filibus kafinta. Kiristoci ne, kuma tun zamanin iyaye suke zaune tare. Ranar layya nama yana tsallaka katangar, ranar Kirsimeti shinkafa ta tsallako.

'Yar Filibus, Hannatu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta daɗe tana wanke miki a wani gidan likita a cikin gari, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Duk unguwa Madam Hannatu ake ce mata. Suma'ila kaɗai yake kiranta yarinyar Filibus, domin yana nan aka haife ta, kuma a wurinsa tun ranar ba ta ƙara girma ba.

To, wata rana autarsa Ilham tana suya, mai zafi ya fantsamar mata a tsintsiyar hannu. Hannatu ce ta kula da ƙunar har ta warke. Sai dai ta bar tabo baƙi mai tauri, wanda ya sa yarinyar ta riƙa jan hannun riga tana rufewa.

Bayan fatar ta rufe sarai, wata ƙawarta da ke karatu a Yamai ta aiko mata da 'yar kwalba mai ruwa shuɗi. Ilham ba ta shafa ba sai da ta kai wa Hannatu. Hannatu ta karanta jikin kwalbar, ta ce ta fara gwadawa a ɗan wuri, in bai yi mata ƙaiƙayi ba ta ci gaba, kuma ta riƙa kare tabon daga rana.

Watanni suka shuɗe, tabon ya yi laushi, ya fara dushewa.

Wata la'asar Hannatu ta shigo gaida Zuliha, matar Suma'ila, ta tarar da mai gidan a tsakar gida. Ilham ta miƙa masa ruwa, sai ya kama hannunta, ya murza tabon da babban yatsansa kamar yadda yake gwada fata a kasuwa.

"Wannan wuri ya saki," ya ce. "Me kike shafa masa?"

Ilham ta ɗauko kwalbar. Ya ɗaga ta wajen haske, ya karkata ta, yana kallon ruwan yana gangara.

"Me ke ciki?"

"Da Faransanci aka rubuta, Baba. Peptides de cuivre. Wai akwai jan ƙarfe a ciki."

Suma'ila ya gyara zama. "Jan ƙarfe?"

"I, Baba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe sai yanzu Nasara suka gano abin da kakana ya sani. Zuliha, kin ji? Abin da nake damawa a tukunya tun ina yaro, shi suka ɗura a kwalba kamar turare."

Hannatu ta yi murmushi. "Baba, ba irin naka ba ne."

"Jan ƙarfe iri nawa ne, yarinyar Filibus?"

"Ƙarfen ɗaya ne, amma yadda yake zuwa ne daban. Wannan ɗan mitsitsi ne, wanda ido ba ya gani, kuma ba shi kaɗai yake yawo ba. Wani ɗan guntun abin da ke gina nama a jiki ne yake goye da shi, kamar uwa da jaririnta, ya kai shi inda fata take gyaran kanta. Jikinmu ma yana da irinsa kaɗan a cikin jini. Na tukunyarka kuwa sake yake, ga yawa, ga kaifi."

"Uhm," in ji Suma'ila.

"Kuma ko wannan ɗin, ban ce shi kaɗai ya yi aikin ba. Lokaci ya yi nasa, rufe wurin daga rana ya yi nasa."

Suma'ila ya mayar wa Ilham kwalbarta yana gyaɗa kai. Daga duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnensa ya zauna shi ne jan ƙarfe yana gyara fata. Sauran ya bar wa Hannatu kayanta.

Damina ta kankama. Sai ga Modu, tsohon abokinsa Babarbare, wanda yake kai fatunsa arewa yana sayar wa Buzaye. Ya zo da babban aiki. Ana son tsanwa mai yawa kafin bikin makiyaya na Ingal, kuma masu sayen sun ce ta hannun Suma'ila suke so, ba ta kowa ba.

Ya kama aiki gadan-gadan. Yana tsaka da shi wata safiya, wuƙa ta zame ta yanke shi a gindin babban yatsan dama.

Ba wani babban yanka ba ne. A jikin wani, da ɗan tsumma ya isa. Amma Suma'ila yana da ciwon sukari, kuma yana zaune da ciwon ne kamar ɗan'uwan da ake fushi da shi: ya san yana cikin gidan, ba ya son a ambaci sunansa. Maganinsa sai Zuliha ta yi ta mita yake sha.

Zuliha ta leƙa ta katanga ta kira Hannatu. Ta zo ta wanke yankan, ta naɗe shi da bandeji mai tsabta.

"Baba, kada ruwa ya taɓa shi. Kada ka sa hannun nan cikin jima ko rini. Kullum zan zo in yi maka fansama, in wanke in sake naɗewa. Kuma gobe ka je likita a auna sukarinka, don shi ne zai hana wannan warkewa."

"Don wannan ɗan ƙarzanen?"

"Don shi, Baba."

Bai je awon ba. Amma ya bari tana zuwa tana wankewa, yana zaune yana kallon sama kamar wanda ake yi wa aski dole.

Kwanaki suka tafi, yankan bai rufe ba. Bai ƙaru ba, bai ragu ba, yana nan jajir yana ɗan tsatsar ruwa. Hannatu ta ce haka mikin mai sukari yake, sai an bi shi a hankali. Suma'ila kuwa fatu yake gani jibge a rumfa, danshin damina yana neman ɓata su.

Modu ya leƙo, ya gaishe shi da Barbarci. "Wushe, wushe, Suma'ila. Yaya hannun?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai mutanen nan sun dame ni da waya. In ba za ta samu ba, ka faɗa mini tun da wuri in nemi wani, ba komai ba ne."

Modu da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma kalmar nan ta "wani" ta tsaya wa Suma'ila a rai.

"Za ta samu," ya ce.

Da Hannatu ta zo da yamma, sai ya ce mata, "Ruwan shuɗin nan na Ilham, ɗiga mini shi a nan."

"A'a, Baba."

"Ba ke kika ce yana gyara fata ba?"

"Fatar da ta riga ta rufe. Na kwalliya ne, ba a yi shi don buɗaɗɗen miki ba. Akwai irinsa da masana suke gwadawa a kan miki, amma wannan aikin likitoci ne, da awo, da tsabta. Kai abin da kake bukata shi ne sukarinka ya sauka, hannun ya huta."

"Wato kin hana ni."

"Na hana ka, Baba. Ka yi haƙuri."

Bayan ta fita ya kira Ilham ya ce ta kawo kwalbar. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce Tanti Hannatu ta karɓa ta tafi da ita. Ashe Hannatu ta san halin mutumin nata.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. A cikin gidansa, yarinyar da ya taɓa ɗauka a kafaɗa ta ɓoye masa abu kamar ƙaramin yaro.

Washegari ya je rumfa ya zauna, ba aikin da zai iya. Idonsa ya faɗa kan tukunyar tsanwa. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo.

Ku lura, Suma'ila ba wawa ba ne, kuma ba da ganganci ya yi abin da ya yi ba. Lissafi ya yi irin na gwani. Jan ƙarfe ne maganin, yarinyar da bakinta ta faɗa. Na kwalba ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ya ɗauki watanni a hannun Ilham. Nasa kuwa mai ƙarfi ne, kuma duk garin ba wanda ya san halin jan ƙarfe a kan fata kamarsa. Me zai sa ya roƙi ɗigo alhali yana da tukunya?

Ya samo farin ƙyalle sabo, ya tace ruwan, ya sake tacewa har ya fita tas ba ko ɗigon laka. Ya ɗura shi a wata kwalbar turare da ya wanke. Da ya ɗaga ta wajen haske, launin ya yi kusa da na Ilham ƙwarai, har nasa ya fi kyau.

Ya kwance bandejin Hannatu, ya jiƙa auduga, ya ɗora a kan yankan.

Zafin da ya ji sai da ya sa shi dafa ginshiƙin rumfa. Gumi ya karyo masa, idonsa ya kawo ruwa. Ya cije leɓe ya daure. A ganinsa zafin nan shaida ce cewa magani ya kama aiki, ba irin ruwan gishirin Hannatu ba da ko motsi ba ka ji.

Abin da ya ƙara ɓatar da shi shi ne, da gari ya waye, yankan ya bushe. Ruwan da yake tsatsa ya tsaya. Wani ɓawo mai duhu ya rufe wurin ruf.

Suma'ila ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce wa Zuliha ta gaya wa yarinyar Filibus ta huta, ya samu wani majo, ma'aikacin jinya, kusa da kasuwa da yake duba shi.

"Wane majo, Malam?"

"Ki faɗa mata yadda na ce."

Hannatu da ta ji saƙon ta ce to madalla, in dai ana dubawa. Ta ɗauka fushin kwalbar ne, zai huce. Ta roƙi a bar ta ta ga hannun ko sau ɗaya, aka ce mata ya fita.

Ya koma aiki, yatsan naɗe da tsumma. Yana ɓare fata, yana tsoma hannu a rini, safe da yamma yana ɗiga haɗinsa. A majalisa bayan la'asar har yakan ɗan ɗaga tsumman ya nuna ɓawon, ya ce da ya biye wa 'yan boko da har yanzu yana zaune yana ƙirga kuɗa.

Zuliha ce ta fara jin warin. Shekarunta da yawa a gidan baduku, ta san warin jima, ta san na rini. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Tana gyara masa shimfiɗa ta ga kwalbar turaren, ta buɗe ta shinshina, gabanta ya faɗi.

"Malam, tsanwa kake zuba wa hannunka?"

"Magani nake zubawa."

"Bari in kira Hannatu ta gani, don Allah."

Ya dube ta ido cikin ido. "In kika kai maganar nan gidan Filibus, ban yafe ba."

Zuliha ta ajiye kwalbar. Ba ƙaramar magana ba ce miji ya ce wa matarsa bai yafe ba, kuma tunda suke bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta koma madafa ta zauna, tana tsoron kalmar, tana tsoron warin.

Ana nan sai zafin ya daina. Yana ɗiga ruwan, ba ya jin komai. Ya ce alhamdu lillahi, an zo ƙarshe.

Amma ranar da ya daina jin zafi, ranar ya huda fata. Yana tura wuƙa kamar kullum, sai ya ga haske ta tsakiyarta. Ya juya ta, ya duba, ya ce fatar ce mara kyau. Ya ɗauki wata, ita ma ta huje. Rabonsa da ɓata fata biyu a jere tun yana saurayi a gaban mahaifinsa.

Ya danna yatsan a kan allon aiki. Ya ga ya danna, amma bai ji allon ba.

A nan ne tsoro ya fara shigarsa. Da a ce ya tashi a lokacin ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, wataƙila da labarin ya canza. Amma tashin yana nufin ya tsaya a gaban yarinyar Filibus ya ce ya yi kuskure, kuma majalisa ta ji. Sai ya cusa fatun da suka lalace ƙarƙashin tabarma, ya ƙara yawan ruwan da yake zubawa.

Ranar wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya kasa wuce zaure. Rana tana dukan ƙasa, shi kuwa haƙoransa suna haɗuwa don sanyi. Hannun ya kumbura har tsintsiya, wani jan layi ya miƙe yana hawa dantse.

Zuliha ta tsaya a kansa ta kalle shi. Ta ja mayafi ta fita. Ta tarar da Hannatu ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ya ce in na faɗa miki bai yafe ba," in ji Zuliha. "Na ɗauka. Ki zo ki ga hannun."

Hannatu ta durƙusa a gabansa a zaure. Bai hana ta ba, ba shi da ƙarfin hanawa. Ta warware tsumman a hankali. Da ta taɓa ɓawon sai ya ɗago gaba ɗaya, ruwan da ya taru a ƙarƙashi ya kwararo. Yatsan ya yi baƙi tun daga kai, gefen mikin kuma ya rine da kore.

Ta san koren nan. Tun tana ƙarama take ganinsa a kan fatun da ake shanyawa a bayan katangarsu.

"Baba," ta ce. "Tsanwa?"

Ya kau da kai. Can ya ce, "Jan ƙarfe ne. Ke kika ce yana gyara fata."

"Na ce ba irin naka ba ne! A gaban Inna Zuliha na faɗa, a gaban Ilham na faɗa." Hawaye ya zubo mata, kuma na haushi ne, ba ta ɓoye ba. "Hannun da ya ɗinka mini jakar lakwal da na je makaranta da ita, shi ka zauna kana ƙonawa safe da yamma, ina nan bayan katanga?"

Hannatu ta share ido ta miƙe, ta kira mijinta Bitrus ya fito da mota.

A gidan likita aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurai, aka ɗauki hoton hannun. Likitan, wani mai sanyin magana, ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon.

Ya ce haɗin nan ƙona nama yake yi. Ɓawon da Suma'ila ya ɗauka warkewa ce, mataccen nama ne da ya rufe mikin kamar murfin tukunya. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin cuta suka samu ɗumi, ga sukari ya yi yawa a jini, suka ci har suka kai ƙashi. Daina jin zafin kuma jijiya ce ta mutu.

"Hannun za mu iya ceto shi, da yardar Allah. Yatsan kam ya tafi."

"A bar mini ko rabi," in ji Suma'ila. "Rabi ya ishe ni in danne fata."

"Baba, babu rabin da za a bari. In muka jinkirta, maganar da za mu yi nan gaba ta hannu ce gaba ɗaya."

Suma'ila ya juya yana neman Hannatu. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Gaskiya yake faɗi?"

"Gaskiya ne, Baba."

Ya rufe ido. "To, a yi."

Aka yi. Ya daɗe a kwance kafin a sallame shi, domin sai da aka sauko da sukarin, aka kashe zazzaɓin. Da ya dawo gida, Hannatu ta ci gaba da zuwa tana yi masa fansama kamar yadda ta fara. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Zuliha kuwa ya kira ta ya ce kalmar da ya faɗa ya janye ta, ta ce ita ta manta ma an yi.

Wannan karon ya bi abin da aka ce. Ya sha magani a kan lokaci, bai taɓa ruwa ba. Wurin ya rufe a hankali, da ruwan gishirin nan da ya raina.

Bikin Ingal ya zo ya wuce. Modu ya samu tsanwa a hannun wani, Buzaye suka yi ƙorafi suka saya.

Bayan an cire bandeji na ƙarshe, wata safiya Suma'ila ya tafi rumfa shi kaɗai. Ya shimfiɗa fata, ya ɗauki wuƙa. Ya gwada dannewa da manuniya, fatar ta huje. Ya gwada da gefen tafin hannu, ta yage. Ya mayar da wuƙar hannun hagu, ya ga kamar hannun wani ne aka ara masa. Haka ya yi ta yi har rana ta take, sannan ya naɗe wuƙar a tsumma ya ajiye.

Ranar ce Modu ya dawo daga arewa, ya biyo ya gaishe shi. Suka zauna a zaure.

"Mutanen sun ce in gaya maka suna jiran ta baɗi," in ji Modu.

"Ka ce musu su daina jira. Babu ta bana, babu ta baɗi. Na gwada, Modu."



Ilham ta kawo musu tuwon hatsi da miyar kuka, ta ajiye ruwan wanke hannu ta koma. Tun suna samari mutanen nan biyu suke cin tuwo a kwano ɗaya. Tun da aka yi aikin kuwa Suma'ila a ɗaki yake cin abincinsa, ba wanda ya taɓa ganin yadda yake yi sai Zuliha.

Suka yi bismilla. Suma'ila ya sa yatsu huɗu ya gutsuro tuwo, ya yi ƙoƙarin mulmula loma. Ba abin da zai tare ta. Ta zame ta faɗa cikin miya, miyar ta fantsamo masa a gaban riga. Ya sake gwadawa, ta sake zamewa.

Modu ya kau da ido kamar yana duba wani abu a bakin ƙofa. Sannan ya janye hannunsa daga kwanon, ya wanke, ya ɗaga murya.

"Ilham! Kawo mana cokula biyu."

"Ɗaya dai," in ji Suma'ila a hankali. "Kai hannunka lafiya lau."

"Biyu na ce."

Yarinyar ta kawo ta ajiye. Modu ya ɗauki nasa, ya yanko tuwo da shi a karkace, domin shi ma bai saba ba. Suma'ila ya daɗe yana kallon ɗaya cokalin. Ya ɗauke shi tsakanin yatsu biyu, hawaye yana bin gemunsa, suka ci gaba da cin abincinsu.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma girman kai ne yake hana mutum ganin inda iyakar take. Don an ce wani abu yana cikin magani, ba shi ke nuna duk inda ka same shi magani ne ba. Man gyaran fata, ko mai peptid na jan ƙarfe ko waninsa, ba a zuba shi a buɗaɗɗen miki, balle haɗin gida. Mai ciwon sukari kuma kada ya raina ko ƙaramin yanka. In wanda ya san aikin ya ce maka a'a, ka saurare shi ko da a gabanka aka haife shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu dattijai a gida, wataƙila ya isa kunnen wani tun hannunsa yana cike.